Haƙorina ɗaya ya ƙi yin fari, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar haƙori a taimaka mini.

Haƙorina na gaba ya taɓa karyewa, jijiyarsa ta mutu, likita ya cire ta ya cike ramin. A hankali sai ya yi ta duhu har ya koma toka-toka. Na yi amfani da man ƙara farin haƙori mai sinadarin ferokisaid, irin wanda ake zubawa a roba a kwana da shi a baki. Sauran sun yi fari tas, shi kuwa ko gezau, sai ma bambancin ya ƙara fitowa.

Likita ya ce duhun daga ciki yake, kuma ciko ba ya canja launi da wannan man. Zaɓi biyu ya ba ni: a buɗe bayan haƙorin a sa magani a ciki na 'yan kwanaki, ko a fere shi a sa masa hular tangaran. Ferewar nan ke ba ni tsoro, don abin da aka fere ba ya dawowa.

Wanda aka yi wa na farko, farin yana daɗewa, ko duhun komawa yake? Cikon fa, dole sai an sake shi?