Me za mu kira fim ɗin da ba a jin muryar kowa a cikinsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, na ga gara in kawo ta nan mu warware ta tare.

Mu biyar ne a nan Agege muka yi shawarar nuna wa yaran unguwa finafinai a wannan dogon hutun, kowace Asabar bayan isha'i, a harabar wata makaranta da aka ba mu aro. Mun samu majigi, tela ya haɗa mana farin ƙyalle, janareta kuwa na mai shagon askin layinmu ne. Burinmu yaran su ga fim tun yana rarrafe, mu fara da na farko-farko masu baƙi da fari, mu gangaro har zuwa na yau. Ni aka ɗora wa rubuta sanarwar da za a manna a teburin mai shayi, a kuma tura a WhatsApp. A layin farko na cije. Finafinan daren farko su ne waɗanda Bature ke kira "silent film". To mu fa, me za mu ce?

Ga irin waɗanda nake nufi. Ranar 28 ga Disamba 1895, wasu wa da ƙani 'yan gidan Lumière suka tara mutane a wani ɗakin ƙasa a birnin Faris, aka biya kuɗi aka kalli hotuna masu motsi. Kowanne bai cika minti ɗaya ba: ma'aikata na fitowa daga masana'anta, ana ba jariri abinci. Ba a cika shekara takwas ba abin ya iso garin nan da muke zaune, don a watan Agusta 1903 aka nuna fim a zauren Glover, can cikin tsibirin Legas. A 1913 Dadasaheb Phalke ya fitar da dogon fim na farko a Indiya. Shekara talatin da 'yan kai ana yin fim a haka, kana ganin bakin mutum na motsi, ba ka jin abin da ke fita.

Abin da na fara rubutawa shi ne "fim marar sauti". Na ɗauka magana ta ƙare. Da la'asar na kai takardar wurin wani dattijo da muke zama a rumfarsa, mai sayar da goro ne, ya fi shekara hamsin a Agege. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ɗago kai.

"Kai yaro, wa ya ce maka babu sauti?"

Na ce, "Baba, ai haka sunan yake da Turanci."

Ya ce, "Su suka sani. Mu da muna yara a gida, motar majigi kan zo ta kafa ƙyalle a ƙofar fada. Ga injin na kuka, ga mutum tsaye da lasifika yana fassara mana da Hausa, yana ƙara gishiri, ga mu muna ihu. Shirun a ina yake?"

Gaskiyarsa ce, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A Turai da Amurka ba a nuna waɗannan finafinan a shiru. Ƙaramin silima na da mai kaɗa fiyano a gindin allo, manya kuma na da rukunin makaɗa sukutum. A Japan akwai masu sana'ar tsayawa gefen allo suna ba da labarin suna kwaikwayon muryoyi, ana kiransu benshi, har wasunsu sun yi suna kamar 'yan wasan. Sunan Turancin ma kansa bai faɗi gaskiya duka ba. Me zai sa mu ɗauko kuskuren wani mu ɗinka masa rigar Hausa?

Wani matashi a cikinmu ya ce a sa "fim ɗin kurame". Wannan bai daɗe ba. Duk wanda ya karanta zai ɗauka don kurame aka shirya daren, masu ji su zauna a gida.

Sai "beben fim". Wallahi wannan ya shiga raina. Gajere ne, yana zama daram a baki, kuma ya kama ainihin abin: wanda ba ya furuci amma yana isar da saƙo da hannu da ido da jiki. Faransawa ma haka suka yi, kalmar da suke kiran irin wannan fim da ita bebe take nufi. Na kusa bugawa.

Abin da ya hana ni ya faru ne daren da muka gwada majigin a jikin bango. Akwai wata maƙwabciyarmu, Yaya muke ce mata, tana da yaro ɗan shekara tara da ba ya ji, ba ya magana. Ya zo ya zauna a gaba-gaba a kan tabarma. Muka sa wani gajeren fim ɗin Charlie Chaplin. Sauran yara sai sun waiga an yi musu bayani, shi kuwa kafin kowa ya gane abin da ke faruwa ya fashe da dariya, yana dukan cinya, yana nuna wa na kusa da shi inda za su duba. A ranar shi ne gwanin kallo. Da aka tashi na gaya wa uwarsa sunan da nake shirin sawa. Ba ta yi fushi ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ka san da wace kalma yaran layin nan suke tsokanarsa. Idan ka manna ta a bango, ran Lahadi da safe da ita za su tare shi." Ban sake tunanin kalmar ba. Na san wasunku za su ce ai ba zagi ba ce, kuma a ƙamus haka ne. Amma ni a layinmu zan manna takardar nan.

Muka koma "fim marar magana". Ya fi na baya, sai dai shi ma yana ɗingishi. Akwai magana a waɗannan finafinan, a rubuce take. Mutum zai buɗe baki, sai hoton ya ɗauke, baƙin allo ya fito da abin da ya ce, sannan a ci gaba. Gaisuwa, gardama, neman aure, duk suna nan.

Wadda ta warware mana ita ce Hajiyar da ke sayar da tuwo kusa da rumfar Baba. Tana jin mu muna ta ja-in-ja, tana kwashe tuwonta, sai ta ce, "Ku kuwa ai bakinsu na motsi. Muryar ce ba ta fita."

Fim marar murya. Jam'i, finafinai marasa murya. Kishiyarsa, fim mai murya.

Na kwana ina gwada shi a kan tarihin, in ga ko zai tsage. A 1927 aka fitar da The Jazz Singer a Amurka, wanda ake cewa daga shi aka shiga sabon zamani. Furucin baki da ke cikinsa bai wuce na mintuna kaɗan ba, sauran maganganun duk a rubuce suke kamar da. Abin da ya ruɗa 'yan kallo shi ne sun ga mutum ya buɗe baki yana waƙa, kuma sun ji shi. Haka a Indiya, Alam Ara na 1931 ya zo da waƙoƙi bakwai. Ashe abin da ya shigo fim a lokacin muryar ɗan Adam ce, ko a waƙa ko a zance.

Gwaji na biyu ya fi gamsar da ni. A 1931 ɗin dai, bayan yawancin masu shirya fim a Amurka sun koma sabon yayi, Chaplin ya fitar da City Lights. An naɗi kiɗa a jikin fim ɗin, akwai ƙarar abubuwa, har da wurin da ya haɗiye usur yana shaƙuwa yana busawa. Amma babu hirar da kunne zai ji. Wanda ya kira wannan marar sauti ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri. Marar murya kuwa ya zauna masa cif.

Na san inda za a soke ni. A bakin 'yan siyasa da 'yan jarida "marasa murya" talakawa ne da ba a sauraron kukansu, kuma mawaƙin da bai iya rerawa ba ana cewa ba shi da murya. Na yarda. Amma da zarar kalmar fim ta zo a gaba, ban ga wanda zai ɓata hanya ba.

Abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne iyayenmu ba su ji tsoron wannan aikin ba. Sun ji Turawa na cewa "magic lantern", suka lanƙwasa shi ya zama majigi, ga shi har yau da shi muke kiran na'urar. Wasu kuma da suka fara ganin mutane na yawo a jikin katanga, dodon bango suka ce. Sun kalli abin da idonsu, suka raɗa masa suna.

Sauran kalmomin sanarwar ba su ba ni wahala ba. Gajeren fim da dogon fim sun wadatar, kuma masu ba da kyautar Oscar sun sa iyakar a minti 40. Ga abin da na rubuta a ƙarshe: "Asabar ta farko, finafinai marasa murya, daga 1895 zuwa 1931. Za a yi bayani da Hausa." Baba ya ce shi zai riƙe lasifikar, kamar yadda ya ga ana yi yana yaro. Asabar ta huɗu muna fatan samun Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin mu shigo finafinan bidiyo na Hausa da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990.

'Yan'uwa na Idi-Araba da Obalende da Mile 12, don Allah ku gwada "fim marar murya" a kunnen dattawanku, kada ku yi musu bayani, ku ji abin da za su fahimta. Saura kuma wancan baƙin allon da ke fitowa da rubutu a tsakiyar fim. Ni "allon magana" na sa masa a takardata, amma sai ran Alhamis zan kai wa mai buga takardu.