An ce wahala na koyar da haƙuri, ni sai zafin rai take ƙara mini

Baban Saratu:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku gafarce ni da tsawon magana. Nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi nike haya, mata ɗaya ɗiya huɗu. Shekara 11 ina ɗauko takalma da kayan roba daga Kano, in biyo Katsina da Jibiya in shigo ta Ɗan Isa, babana ne ya sa ni a hanyar tun yana da rai, shi goro ya yi sayarwa, har yau akwai tsoffin da ke kirana ɗan mai goro. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019 mun sha wuya amma na lallaɓa. Rufewar 2023 bayan juyin mulkin Nijar ita ta karya ni, sama da wata bakwai ba shiga ba fita sai ta daji bisa moto, kuɗin hanya ya fi na kaya, na cinye jari ƙarƙaf. Ban miƙe ba ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya kada ɗakin da ɗan sauran kayan suke ciki. Yanzu kabu-kabu nike da moton wani, ga bashin jikka 350 na sefa a kaina.

Abin da ke damuna, kullum a karanta muna Romawa 5, wai shan wuya na kawo jimiri, jimiri ya kawo hali nagari. Ni ban ga haka ba. Da can ba a jin muryata a gida, yanzu yaro ya zubda kunu sai in hau shi da faɗa kamar ya yi kisan kai. Addu'a ma in na durƙusa lissafi nike. Wani abokina ya ce in bi shi wajen Agadas ginar zinariya, fasto ya ce in dakata. In tafi ko in zauna? Kuma mi ya sa wahalar ke gyara wasu ni tana ɓata ni?

Dattijo na Zariya:
Ɗana ka saurara da kyau. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku. Kai taka nawa? Yakubu 1 ya ce a bar jimiri ya gama aikinsa sannan mutum ya kammala. Mai haƙuri ke dafa dutse, amma ba mai buɗe tukunya kowane minti ba. Mu nan unguwar Zariya ta Maraɗi a idonmu aka sa ma majami'a wuta a 2019, mun gudu? Zauna inda kake, fasto ya gama magana.

Ɗan Tsibiri:
Baba da girmanka, Yusufu a kulle yake ba shi da zaɓi. Wanga bawan Allah ba a kulle shi ba. Matar da ta je wurin Elisha da kukan bashi a 2 Sarakuna 4, ai bai ce mata ta zauna ta yi haƙuri ba, cewa ya yi mi gare ki a gida, ta aro tuluna ta sayar da mai ta biya. Yaya, wa ke binka kuɗin nan? Ba ka faɗa ba.

Maman Iliya:
Kar ka tafi ƙanena, ni na san abin. Maigidana ya tafi Jado, wajen ginar zinariya can arewa, tun lokacin da ake rububinta, wai wata shida. Ni na sayar da akuyoyina na biya ma yara lakwal, wato makaranta, uwarsa kuma kullum sai ta ce ni na kore shi da baki na, ko tiyar gero ɗaya danginsa ba su taɓa aiko mini ba, a zumuntar mata ma da na yi kuka sai aka ce in riƙe sirrin gidana. Ya dawo da tari da wayar hannu, shi ke nan. Mu mata mu ke yin haƙurin, ku a ba ku lada.

Baban Saratu:
Inna ni ba irin wannan tafiyar zan yi ba, ina da tsari. Batun bashi kuma wani ɗan'uwa ne a majami'armu, bai matsa mini ba, gaisuwarsa ce kawai ta canza. Shi ya sa wata uku ban shiga sujada ba, a gida nike karatuna.

Dattijo na Zariya:
To ga ciwon ya fito. Ba talauci ke damunka ba, girman kai ne. Ka bar zumunci sannan kana tambayar mi ya sa ba ka girma, garwashi in an ware shi daga murhu ai mutuwa yake. Ibraniyawa 12:11 ta ce horo ba ya daɗi a lokacinsa, daga baya yake ba da amfani ga waɗanda suka horu da shi. Waɗanda suka horu, ba waɗanda suka ɓuya ba. Lahadi in gan ka layin gaba.

'Yar Danja:
Baba a sassauta mai. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi ba magana, da suka buɗe baki ne suka ɓata komai, a ƙarshe su Allah ya tsawata ma. Yaya, ni na lura da abu guda, ka ga faɗan da kake ma yaron kuma ya dame ka har ka rubuto. Dauda ma a Zabura 13 har yaushe yake ta tambaya. Ka je ka iske mai kuɗin ku yanka abin da za ka iya ko jikka biyu ne a sati, kuma ka ba yaron haƙuri. Kana barci kuwa?

Baban Saratu:
Baba ba girman kai ba ne, ku ba a bin ku. Jikka biyun ma in na cire balas ɗin mai moto da mai, ina zan samo ta? Can ko ba komai ba wanda zai gaishe ni da hanci. Na riga na ba da rabin kuɗin mota, Litinin za su tashi.

Ɗan Tsibiri:
To ai ka yanke, shawarar mi kake nema? Rabin kuɗin motar kuma daga ina?

Maman Iliya:
Maman Saratu ta sani?

Dattijo na Zariya:
Yunusa ma ya biya kuɗin jirgi. Ni dai na faɗa.

'Yar Danja:
Yaya kana nan? Maman Iliya ta tambaye ka.