Bindiga Remington 700 ta hannu amma ƙotar ta tsage, in saya?

Baƙon_Minisota:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga wata Remington 700 ta hannu a shagon bindigogi nan garinmu, mai cin harsashin .30-06, kuɗin ya min daidai amma ƙotar ta tsage daga bayan sakata har wajen riƙo kuma da alama wani ya taɓa liƙewa da gam. Farautar barewa nake son shiga watan Nuwamba. In saya in canja ƙota ko dai in haƙura in tara kuɗin sabuwa?

Tsohon_Maharbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena rabu da katakon tukuna, ƙarfen zaka duba. Kace su zare maka sakatar ka haska tocila cikin bututun, in layukan ciki sun shafe ko tsatsa tayi ramuka to ka ajiye musu kayansu ko da ƙotar sabuwa ce fil. Ka duba bakin bututun ma, in ya ɗan lotse harsashi bazai tafi inda ka saita ba. Sannan mai gyaran bindiga ya auna maka tazarar da ke tsakanin sakata da gindin harsashi, suna da ma'aunin, ba aikin ido bane. Sai kunama, a 2014 kamfanin ya janye masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006 zuwa 2014 saboda tana iya tashi ba a taɓa ta ba, don haka ka tambaya ko an gyara taka. In ƙarfe lafiya ka saya, tsagewar ma dalilin neman ragi ce.

Kafintan_Dakota:
Gaskiya Baba ya faɗa. Abin da zan ƙara, tun 1962 ake ƙera 700 shi yasa ƙotarta ko ina akwai, amma mutane na yin oda da ka su sha mamaki. Ta wajen tsawon sakata akwai doguwa akwai gajeriya, .30-06 doguwa ce. Kuma ka juya cikinta ka gani, in akwai murfin ƙarfe da ake buɗewa a zubo harsasai BDL ce, in katako ne a rufe ADL ce, ramukan ba ɗaya bane. Ni na fi son ta katako mai hawa-hawa irin ta kamfanin Boyds, sanyi da danshin nan basa murɗa ta kamar katako zalla, sai dai ta ɗan fi nauyi. Bayan ka ɗaura ka zura takardar dala ƙarƙashin bututun, in ta wuce sumul to katakon baya taɓa ƙarfe, in ta maƙale sai a goge wajen. Kar ka ɗaure notin da ƙarfin tsiya, haka ake tsaga su. Kuma dole kaje fili ka sake saiti kafin ranar farauta.

Na_Kano:
Ikon Allah, ku kuna zaɓen katako. Kar dai wataran kace zaka taho da ita gida malam, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana nan, ba lasisi sai ɗauri.

Baƙon_Minisota:
Haba ina ni ina wannan ganganci 😂 nan ma sai an cike fom 4473 an bincike ka kafin su miƙa maka. Na koma na duba, ADL ce, bututun tas. Baba, kunamar fa in ba a gyara ba, canja ta gaba ɗaya ya fi ko?