Ɗan Maraya Jos: ɗan gwagwarmaya ne ko mawaƙi kawai?

Autan Gida: Salamu alaikum. Jiya a wurin ɗaurin aure na ce Ɗan Maraya ɗan gwagwarmaya ne, aka yi mini ca. To ga shi na maimaita a nan. Mutumin da Sarkin Bukuru ya yi rainonsa bayan iyayensa sun rasu, mahaifinsa makaɗin fada, amma ya tashi ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa. Idan wannan ba gwagwarmaya ba ce, mece ce?

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Auta, kalmar ta yi maka nauyi a baki. Ɗan gwagwarmaya shi ne wanda ya sha wuya a kan abin da ya faɗa. Fela Kuti da kake sauraro, sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a 1977, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu shekara ta gaba. A nan Arewa ma 'yan NEPU sun sha ɗauri a hannun En'e saboda bakinsu. Wace rana aka taɓa kulle Ɗan Maraya? Lokacin yaƙin basasa waƙar zuga sojojin gwamnati ya yi, ba ta hana yaƙi ba.

Autan Gida: Malam, ashe sai an karya wa mutum ƙafa kafin a yarda yana da manufa?

Kawu Direba: Ku bari in faɗi nawa, ni da na yi shekara bakwai ina yaron mota tsakanin Jos da Bauci kafin in kama sitiyari. Da can idan ka ce kai karen mota ne, ko sallama ba a amsa maka da kyau. Kai ne cire taya, kai ne tura mota in ta mutu a kan tudu, kai ne kwana a tasha kana gadin kaya, maigida yana can yana barci a masauki. Ranar da waƙar nan ta fara fita a rediyo, wallahi a tasha muka tsaya cirko-cirko. Wai mu ake waƙa! Malam, kai ɗan boko ne, ba za ka gane abin da wannan ya yi mana ba. Ban san sunan da za ku ba shi ba, amma ni na san ranar na ɗaga kai.

Malam Babba: Kawu, Allah ya ja da ranka, ban raina wahalarku ba. Sai dai ka sake sauraronta da kunnen yanzu. Akwai tsokana a ciki, har da ba'a. Ya zana ku ne yadda kuke, bai ce a ƙara muku ko kwabo ba.

Kawu Direba: Wanda ya tsokane ka ai ya san da zamanka.

Anti Nas: Ku maza kun tsaya a tasha. Ni Auren Dole da Jawabin Aure nake tunawa. A zamanin da yarinya ba ta isa ta ce ba ta son wanda aka ba ta ba, wani namiji da gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya ya faɗa wa iyaye laifinsu, kuma suka saurara suna dariya, har cikin ɗakunan da babu ɗan siyasar da ya isa ya leƙa. Fela gwamnati ya zaga. Wannan kuwa da iyayenmu ya yi, kuma a wurina fuskantar uba ya fi fuskantar soja wuya.

Malam Babba: Wannan wa'azi ne, Anti, gyaran tarbiyya. Na yarda ya yi shi, ya kuma iya. Amma har ya rasu a watan Yuni na 2015 yana zuwa tarukan manya yana yi musu wasa.

Anti Nas: To da me zai ci abinci, Malam? Kai ma gwamnatin da kake zagi a nan ita ke biyan ka albashi.

Autan Gida: Anti ta gama magana.

Malam Babba: Ba ta gama ba, Auta, an kira sallah ne. Kawu, in kana da Karen Mota a wayarka ka turo, mu ji ta tare bayan Magariba, sai ka nuna mini inda yabon yake.