Motar farko mai jan taya huɗu: wadda za ta shiga daji kuma ta kai yara makaranta

Baban Uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Shekara 9 ina tuƙa ƙaramar mota, ban taɓa riƙe mai jan taya huɗu ba. Yanzu ina da wani fili da nake zuwa duk ƙarshen mako, kuma kilomita 14 na ƙarshe babu kwalta: yashi ne idan ƙasa ta bushe, taɓo idan ruwa ya sauka, ga wani rafi da ake tsallakawa. Sau biyu na kafe a bara, na biyun da iyali a ciki har duhu ya rufe mu. Mota ɗaya zan iya riƙewa. Ita za ta kai yara makaranta, ƙaramarsu tana kujerar jarirai tukuna, kuma maiɗakina ma za ta riƙa tuƙawa. Ta hannu zan saya. Hankalina ya rabu tsakanin Hilux mai ƙofa huɗu, Prado da Pajero, wani kuma ya ce RAV4 ta ishe ni. Wanda ya zauna da irin waɗannan, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar suna tukuna, fara sanin yadda motar ke raba ƙarfi ga tayoyinta, don a nan na yi asarata ta farko. Wadda na fara saya a-kori-kura ce mai ƙaramar giya ta biyu a gefe, an rubuta 2H, 4H, 4L, wato jan taya biyu, jan taya huɗu, da jan huɗu da giyar ƙarfi. Wata rana ruwa ya kama ni a hanyar burji na sa 4H, da na hau kwalta sai na bar ta a haka, a zatona ya fi aminci. Kwalta ta bushe ina ta tafiya. Da na zo shiga gida na karya sitiyari, sai na ji ya yi tauri, motar tana tirjewa, tayoyin baya suna gurzar ƙasa kamar ana jan buhu. Giyar ma ta ƙi fita sai da na yi baya 'yan mitoci. Ban gane ba, na yi ta maimaitawa, har akwatin da ke raba ƙarfin ya fara kuka aka sauke shi.

Laifina ne, motar ba ta da laifi. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. Irin wannan mota idan ka sa 4H ta ɗaure gaba da baya wuri guda, dole su juya daidai. A yashi ko laka taya za ta ɗan zame, abin ya warware da kansa. A busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai wahalar ta taru a kan haƙoran giya. Hilux wannan tsarin gare ta. Prado kuwa kullum tana jan huɗu, akwai difarenshal a tsakiya da ke barin gaba da baya su bambanta, idan ka shiga wuri mai wuya ka kulle shi. Pajero tun 1991 take da abin da suke kira Super Select, za ka iya tafiya da biyu, ko da huɗu a kan kwalta ba tare da matsala ba.

RAV4 mota ce mai kyau, amma ba ta da 4L, giyar ƙarfin da direbobi ke ce wa ogzilari. Wannan giyar a Prado da Hilux tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, motar ta riƙa rarrafe a hankali ba tare da ka ƙona kuloci ba. Da rafi da taɓo a hanyarka, kana buƙatarta. Tunda ku biyu za ku riƙa karɓa-karɓa, ni da zan zaɓa maka, wadda ba sai an tuna cire komai ba idan an hau titi.

Maman Tagwaye

Malam, bari in yi magana a madadin wadda za ta zauna da motar kwana biyar a mako. Mun yi shekara biyu da a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Maigida yana sonta, a daji ba ta taɓa ba mu kunya ba. Amma sifirin ɗin bayanta na faranti ne, don ɗaukar kaya aka yi shi. Idan babu nauyi a baya, kowane ɗan rami sai ta cilla yara sama, ga kujerar baya a miƙe, ba ta kwantawa. Ɗaya daga cikin tagwayen kusan duk doguwar tafiya sai ta yi amai. Jakunkuna kuma a waje suke, ƙura ta ci, ruwa ya doka, sai da muka sa mata murfi.

Ranar da za ku je dubawa, ku tafi da kujerar jaririyar, ku ɗaura ta a ciki, manyan biyun su zauna a gefenta su ja bel ɗinsu. Wata jif ɗin ƙatuwa ce daga waje, amma kujerar jarirai tana shiga sai ta danne bakin bel na tsakiya. Ku lalubi ƙarafan ISOFIX, waɗanda ake maƙala kujerar jarirai a jikinsu, a lungun kujera, tsofaffin motoci da yawa ba su da su. Kujerun layi na uku ma kada su ruɗe ku, idan aka buɗe su but ya ƙare. Sannan ƙofar bayan Pajero da ta yawancin Prado gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗaki, idan wani ya faka dab da ku ba za ku iya fito da keken jariri ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baya. Wata safiya na sa ribas, na duba madubai duka uku ban ga kowa ba. Allah ya sa gilashi a sauke yake, na ji muryar ɗaya tana kiran 'yar'uwarta daga bayan motar. Na taka birki na fito, tana tsugune dab da bamba tana ɗaure takalmi. Daga kujerar direba ko gashin kanta ba a gani. Jikina ya daɗe yana rawa. A makon muka sa kyamarar baya, kuma har yau ba na motsa mota sai na ƙirga yarana da ido. Mota mai tsayi daga ƙasa kuma ba ta son a fizge sitiyari da gudu, don haka ku nemi mai na'urar hana zamewa, Toyota VSC suke ce mata. Kuma uwargida ta tuƙa da kanta kafin a biya.

Mai Gareji

Hajiya ta gama magana a kan ciki, ni ƙarƙashi zan shiga. Kada ka sayi irin wannan mota sai an ɗaga ta ka shiga da tocila. Bodi ana wanke shi ya yi ƙyalli, shasi ba ya ɓoye tarihinsa. Sa yatsa a ramukan shasin, idan busasshiyar laka ta zubo to ta sha daji, idan tsatsa tana ɓarewa kamar ɓawo ka tafi abinka. Ɗaga kafet ka shinshina. A kwance noti a ga man aksul: idan ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf na gaba, in sun yage yashi ya riga ya fara cin ƙarfen.

Ka fita da ita kan ƙasa ka sa 4H da 4L, ka ga fitilar ta tsaya ba ta ƙyaftawa. Wadda aka fi kawo mini ita ce motar da ta yi shekaru a gari ba a taɓa sa mata giyar ba, har ɗan injin lantarkin da ke shigar da ita ya maƙale. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinsu ma kusan ɗaya.

Maganar dizal kuma, yana da ƙarfin ja kuma bai kai fetur sha ba, amma sababbin suna da matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda sai ta yi zafi a doguwar tafiya take ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Kai yara makaranta a dawo kullum yana toshe ta. Tunda kana fita duk mako, kai da sauƙi. Wani zai zuga ka a kan Land Cruiser 80. Ina sonta ƙwarai, amma motar shekarun 1990 ce, sai mai wata motar a gefe da haƙurin gyara. An daina ƙera Pajero a 2021, don haka ka tabbatar kayanta suna samuwa a inda kake kafin ka ɗauka.

Mai Safiyo

Ni Hilux nake aiki da ita shekara 7, kuma da kaya ne suka fi yawa da ita zan ce. Amma da yara uku, na bi bayan Hajiya. Abin da zan ƙara: kafewarka a yashi wataƙila rabinta iskar taya ce. Ina rage tawa zuwa wajen 18 psi, tayar ta baje, motar ta hau saman yashin maimakon ta tona. Sai dai dole ka riƙe famfo, kana fitowa kwalta ka mayar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace.

Rafin shi ne abin tsoro. Kamfani ya rubuta milimita 700 ga Prado 150 da sabuwar Hilux, wannan a ruwa mai kwance ne, a hankali. Kullum ina sauka in taka da ƙafa, idan ruwan yana neman kwashe ni ba na shiga. Na tsaya a gaɓa na ga wani abokin aiki ya faɗa da gudu, ruwa ya haura bonet, injin ya zuƙa ya mutu nan take. Ya sake murza makulli, sandar fistin ta lanƙwashe. In ta mutu a ruwa, kada a tayar. Kuma duk wanda zai ja ka, kada ya rataya igiya a ƙwallon jan tirela na baya, yana iya karyewa ya taho kamar harsashi. Akwai ƙugiyoyin da aka ɗaure a shasi don wannan aikin.

Ɗan Tudu

Nawa gajere ne, Yaya. Wata na farko na ƙara wa motata tsayi daga ƙasa, na sa manyan tayoyin laka da kariyar ɗaukar kaya a sama. Ƙarar taya ta hana mu hira, shan mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa, mahaifiyata ta kasa hawa. Bayan shekara na cire rabi. Ka tuƙa ta wata shida yadda take. Ka kuma duba nauyin da aka yarda ta ɗauka a takardarta, mutane da kaya duk a ciki ake lissafawa.

Baban Uku

Allah ya saka muku da alheri. Jiya mun je mun duba uku, da kujerar jaririyar a hannu kamar yadda Hajiya ta ce. Ta farko bel na tsakiya ya ƙi shiga. Ta biyu fitilar 4L ta yi ta ƙyaftawa har muka gaji. Ta ukun Prado 150 ce mai fetur, maiɗakina ta tuƙa ta, ta faka da kanta, yaran uku sun zauna daidai. Gobe za a ɗaga ta mu ga shasi da man aksul. Tayoyinta na kwalta ne kuma sun kusa ƙarewa. Wane iri zan sa?

Mai Safiyo

Masu rubutun A/T a gefe, na kwalta da daji duka, kuma girman da motar ta zo da shi. Guda biyar za ka saya, har da ta ajiya, kuma ka gwada jak ɗin da abin kwance noti a gida kafin fitarku ta farko.