Tashin farko na samfurin tsohon jirgin horon soja marar inji: kowa ya ba da labarin abin da ya gani

Malam Habibu, Birmingham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala haɗa ƙaramin samfurin Slingsby T.21, wanda rundunar sojin saman Birtaniya ta riƙa kira Sedbergh, jirgin nan marar inji mai kujeru biyu a jere da aka daɗe ana koya wa matasa 'yan kadet tuƙi da shi. Na gina shi a kan rubu'in girman na ainihi, kuma da yake faɗin fukafukan babban ƙafa 54 ne, nawa ya ɗan haura mita 4, nauyinsa kuma ya kusa kilo 8 bayan na zuba masa dalma a hanci. Na saba tuƙa jiragen zamani masu santsi da rimot, amma ban taɓa sakin irin wannan mai sandunan tokare fiffike da buɗaɗɗen mazauni ba. Roƙona shi ne duk wanda ya taɓa yi wa samfurin tsohon jirgin horo tashin farko ya faɗa mana inda ya tashe shi, da hanyar da ya bi, da halin da jirgin ya nuna da zarar ya rabu da ƙasa.

Alhaji Sule, Fulda

Wa alaikumus salam Malam Habibu, Allah ya sanya albarka a aikin. Nawa SG 38 ne, jirgin da Jamusawa suka ƙera a 1938 domin koyon tuƙi na matakin farko, kuma an yi kimanin guda 10,000 nasa, ta yadda da yawa daga cikin matuƙan sojin saman Jamus na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a kansa suka fara barin ƙasa. Wanda bai taɓa ganinsa ba zai yi mamaki, domin ba shi da gangar jiki ko kaɗan: firam ne na katako, da kujera a fili, da fiffike mai faɗin mita 10.4 wanda wayoyi ke riƙe da shi sama da ƙasa. Na gina nawa a kan sulusin girmansa, ya zo kusan mita 3 da rabi.

Na yi masa tashin farko a tudun Wasserkuppe, mai tsayin mita 950, inda Jamusawa suka fara gasar jirage marasa inji tun 1920 bayan yarjejeniyar Versailles ta hana su mallakar jiragen yaƙi. Har yanzu akan ga mutane sun ja igiyar roba suna gudu a gangaren tudun domin harba SG 38 na ainihi, kuma kallon wannan ya koya mini fiye da duk abin da na karanta, domin na lura cewa matuƙin ba ya ɗaga hancin jirgin sai a daidai lokacin sauka.

Abin da na gani a nawa ke nan daidai. Da aka cilla shi daga bakin gangare cikin iska matsakaiciya, sai ya tafi a miƙe cikin natsuwa, amma duk lokacin da na ɗan ja sandar rimot domin in ɗaga hancinsa, nan take gudunsa yake mutuwa, saboda wayoyin da firam ɗin da ɗan mutum-mutumin matuƙin duk suna tare iska. Na ainihin ma mita 10 kawai yake ci gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko, ƙaramin kuwa bai kai haka ba. Da iskar ta ƙara ƙarfi can da la'asar, sai ya zama kamar mai babbar riga da ke fuskantar iskar hadari, yana ta ƙoƙari amma ba ya gaba, dole na dulmiyar da hancinsa sosai kafin ya dawo bakin tudu. Shawarata ita ce ka zaɓi ranar da iska take kaɗawa kai tsaye a fuskar gangaren ba tare da fizga ba, sannan kafin ka tashi ka tsaya a bayan jirgin ka duba fukafukan biyu da ido, ka tabbata sandunan tokare ba su murɗe ɗaya fiye da ɗaya ba. A nawa, ɗaure waya guda fiye da kima ya isa ya sa jirgin ya riƙa karkata gefe ɗaya.

Malama Rakiya, Leeds

Malam, ni T.31 na gina, ɗan'uwan naka ne daga masana'antar Slingsby da ke Kirkbymoorside a nan Yorkshire, sai dai shi malami a baya yake zama, ɗalibi a gaba. Abu ɗaya nake so ka shirya masa, shi ne juyawa. A tashina na farko, da na karkatar da leɓen fiffike domin in juya dama, sai jirgin ya kwanta dama amma hancinsa ya leƙa hagu, ya riƙa tafiya a kaikaice yana zubar da tsayi. Dalili shi ne leɓen da ya sauka ƙasa yana tare iska fiye da wanda ya tashi sama, kuma a dogon fiffike mai tafiyar hawainiya wannan bambancin yana da ƙarfin da zai janye hanci zuwa wajen kwana. Da na haɗa da leɓen wutsiya na tsaye, sai juyin ya fito da kyau.

Wani dattijo a kulob ɗinmu, wanda ya koyi tuƙi a kan T.31 na ainihi yana ɗan kadet, yana tsaye kusa da ni a ranar, kuma ya ce mini haka babban yake yi, shi ya sa malamansu suke nacewa a kan ƙafa, mai sarrafa leɓen wutsiya na tsaye, ta riƙa tafiya tare da hannu, mai sarrafa leɓen fiffike. Wannan magana ta faranta mini rai ƙwarai, domin ta nuna cewa abin da na gina ya gaji halin na ainihi, ba kamanninsa kaɗai ba. Yanzu na saita leɓen fiffike yana tashi sama ninki biyu na yadda yake sauka ƙasa, na kuma sa maɓalli a rimot mai haɗa shi da na wutsiya, ko da yake na fi son in riƙa yi da yatsana.

Injiniya Bashir, jihar New York

Ranka ya daɗe Alhaji Sule, ina girmama gogewarka, amma a kan jirgi mai nauyin na Malam Habibu ra'ayina ya bambanta, domin ni na fi natsuwa da a ja shi sama da jirgi mai inji a fili shimfiɗaɗɗe. Kilo 8 ba ƙaramin kaya ba ne a hannun mai cillawa a bakin gangare, kuma idan aka sami matsala a daƙiƙun farko babu tsayin da za a gyara.

Nawa Schweizer TG-3A ne, shi ma a kan rubu'i. Tarihinsa ne ya ja ni gare shi. Bayan Jamus ta ƙwace sansanin Eben-Emael na Beljiyam a watan Mayun 1940 da sojojin da ta sauke da jirage marasa inji, sai sojin Amurka suka shiga gaggawar horar da matuƙa, suka kafa makarantu a wurare irin su Twentynine Palms a hamadar Kalifoniya da Elmira a nan jiharmu. Jirgin farko da kamfanin Schweizer ya ba su, wato TG-2, yana da fukafukan alminiyam, amma da aka keɓe alminiyam domin jiragen yaƙi sai aka sake zane da fukafukan katako da firam na bututun ƙarfe, aka sami TG-3A, wanda aka ƙera fiye da 100. Na je gidan tarihin jirage marasa inji da ke tudun Harris Hill a Elmira kafin in fara yanka katako, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya je ya ga tsofaffin jiragen da idonsa idan yana da hali, saboda hoto ba ya nuna yadda yadi yake lotsawa tsakanin haƙarƙarin fiffike.

A ranar tashin farko mun yi amfani da igiya mai tsawon kimanin mita 30. Kafin komai, na sa abokina ya ja igiyar da dukkan ƙarfinsa ina danna maɓallin saki, domin ƙugiyar da take buɗewa cikin sauƙi a kan teburi tana iya cijewa idan akwai nauyi a kanta, kuma saboda haka na ba ta sarbo nata mai ƙarfi, wato ɗan injin lantarkin da ke buɗe ta idan an danna rimot, ba ta tarayya da komai. Da jirgin ja ya fara gudu, nawa ya riga shi barin ƙasa, kuma aikina kawai shi ne in riƙe fukafukan a daidaice, in zauna ɗan sama da shi kaɗan, kada in taɓa leɓen wutsiya na tsaye sai da larura. Abin da ya fi muhimmanci shi ne na roƙi matuƙin jirgin ja tun a ƙasa da ya rage gudu ya hau a hankali, saboda sun saba jan jiragen zamani da gudu mai yawa, irin gudun da zai sa tsohon zane ya riƙa ɗaga hanci yana neman haye igiya. Bayan na saki a sama sosai, na sami sararin rage gudu har fiffiken ya daina ɗauka, na ga cewa hanci kawai yake saukewa ba tare da ya faɗi gefe ba, daga nan hankalina ya kwanta.

Game da nauyi kuma, lissafin yana da sauƙi. Idan ka rage tsawo sau 4, nauyi yana raguwa sau 64 ne, gudu kuma rabi. T.21 na ainihi da mutum biyu a ciki yana kai kimanin kilo 476, wanda idan ka raba da 64 zai ba ka kilo 7 da ɗoriya, don haka kilo 8 ɗinka bai yi nisa da ƙa'ida ba.

Malam Habibu, Birmingham

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Long Mynd da ke Shropshire na yi niyyar zuwa tun farko, saboda gangarensa mai fuskantar yamma, amma maganar Injiniya ta sa zan nemi kulob mai jirgin ja. Sauran tambayata a kan dalma ce, domin na zuba fiye da kilo ɗaya kafin jirgin ya daidaita a wurin da zanen ya nuna, kuma ina tunanin ko in rage.

Alhaji Sule, Fulda

Kada ka rage ko kaɗan kafin tashin farko, Malam. Waɗannan jirage gajeren hanci gare su domin nauyin mutum ne yake daidaita su, kuma ɗan mutum-mutumi ba zai taɓa maye gurbin wannan nauyin ba. Jirgin da hancinsa ya ɗan yi nauyi yana tuƙuwa, sai dai ya sauko da ɗan gudu, amma wanda wutsiyarsa ta yi nauyi ba ya jin magana sam. Ka ɗaure dalmar da sukuru a jikin katako mai ƙarfi, kada ka dogara da gam kaɗai, domin girgizar sauka tana iya ɓalle ta ta gangara baya. Na yarda da Injiniya a kan girman naka. SG 38 ne dai ba na son a ja shi da gudu saboda wayoyinsa.

Baba Ɗanjuma, Salisbury

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in ƙara kashedi guda, kada wani ya ɗauka cewa duk jirgin horo mai sanyin hali ne. Nawa Hotspur ne na kamfanin General Aircraft, wanda sojin ƙasan Birtaniya suka horar da matuƙansu a kai kafin su koma manyan jiragen ɗaukar dakaru irin su Horsa. An ƙera fiye da 1,000. Zubin farko yana da fukafukai masu faɗin ƙafa 62, amma a zubi na biyu aka datse kusan ƙafa 16, saboda sojoji ba su buƙatar jirgin da zai daɗe yana shawagi, suna son wanda zai sauko da sauri ya dira a ƙaramin fili. Zubi na biyun na gina, bayan na yi ta kai-komo gidan tarihin jiragen sojin ƙasa da ke Middle Wallop, kusa da mu, ina duba kwafinsa da aka ajiye a can.

A tashinsa na farko ya bi jirgin ja lafiya lau, har ya fi son gudu fiye da na Injiniya, amma da na saki igiya sai ya fara saukowa ba wasa, kuma ban ɓata lokaci wajen neman iska mai ɗumi da za ta ɗaga shi ba, domin ba don haka aka zana shi ba. Na shirya kewayen sauka tun yana sama sosai, na shigo da gudu, na bar shi ya kusa taɓa ciyawa kafin in ɗaga hanci.

Kai kuwa Habibu, matsalarka a sauka akasin tawa ce. T.21 yana da fiffike mai kauri da faɗi, kuma idan ya matso kusa da ƙasa sai ya riƙa shawagi yana ƙin dira, har ya cinye filin. Birkin iskar da ke saman fiffikensa ƙanana ne, kuma buɗe su yakan sa hanci ya ɗan sunkuya, saboda haka ka gwada su tun kana sama domin ka san yawan gyaran da suke buƙata. Ka fara layin saukarka daga nesa, ka buɗe birkin rabi ka bar shi a haka, ka sa wani ya tsaya a ƙarshen fili yana faɗa maka idan akwai mutum ko kare a hanya, kuma bayan tayar ta taɓa ƙasa ka ci gaba da riƙe fukafukan a daidaice har jirgin ya tsaya cak, saboda bakin fiffike da ya kama doguwar ciyawa yana iya juya jirgin ya karya sandar tokare.