Kayan jariri kafin hunturu: kwarashi ko sanda biyu?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana ce za ta sauka a watan Disamba in Allah ya kai mu, ina so in saƙa wa jaririn hula da safa da ɗan bargo da hannuna. Ban taɓa riƙe kwarashi ba. Da me zan fara?

Anti Mai Kwarashi: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Fara da kwarashi, ki bar sanda biyun nan, wato saƙa da dogayen allurai biyu, tukuna. A kwarashi ido ɗaya, wato zoben zaren da ke kan ƙugiyar, ne a hannunki, ko ya kuɓuce sai ki cafko abinki. A sanda biyu kuwa ido ɗaya na zamewa, zai yi ta warwarewa har ƙasa kina kallo. Nemi kwarashi na ƙarfe mai milimita 4, da zare mai matsakaicin kauri, launi mai haske. Kada ki soma da baƙi, ba za ki ga inda ake sokawa ba.

'Yar Zazzau: Anti a yi mini afuwa, amma safa dai ta sanda biyu ta fi laushi, ta fi bin ƙafa. Kuma kwarashi akwai cin zare.

Anti Mai Kwarashi: Haka ne, amma wadda ba ta iya sarƙa ba, wato saƙar farko ta kwarashi, za ki haɗa da dunduniyar safa? Bari ta yi bargon da hular, safar ta biyo baya.

Hajiya Babba: Ni jan kunne ɗaya zan yi miki 'yata. Duk zaren da aikin zai ci, ki saye shi rana ɗaya, a shago ɗaya. Bara na ɗauko bargon jikata, saura kamar kamu ɗaya zare ya ƙare. Na koma shagon, yaron ya rantse mini iri ɗaya ne. Sai da na shanya a rana na ga rabi ruwan hoda, sauran kamar an jiƙa shi a zoɓo. A jikin takardar ƙullin akwai lambar rini, ki duba ta zo ɗaya. In a Kano kike, shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan ɗinki. Kantin Kwari ta atamfa da shadda ce, za ki sha yawo.

Sabuwar Shiga: Na gode Hajiya. To zaren ulu zan ce a ba ni?

Malama daga Maraɗi: Haka ake ce masa, amma yawancin abin da muke kira ulu ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. Tsinki kaɗan ki kai bakin ashana. In ya narke ya dunƙule yana warin leda, roba ce. Na auduga toka yake zama, da wari irin na takarda. Ulu na gaske kuwa ƙaurin gashi yake yi, kamar ana babbakar kan rago. Na robar ba laifi ga sanyi, ga araha, sai dai ki goga shi a wuyanki kafin ki biya. In ya soke ki, jariri ba zai yi barci a ciki ba.

'Yar Zazzau: Kuma ki gaya wa mai jegon kada dutsen guga ya taɓa shi, kada a tsoma shi a ruwan wankan jego. Ruwan sanyi, a matse a hankali, a shimfiɗa a tabarma. Aka rataya a igiya, hular sai ta shiga kan babansa.

Hajiya Babba: Ban da duwatsun ado da dogon maɗauri a wuya, don Allah. Komai baki suke kaiwa.

Sabuwar Shiga: Ƙulli nawa zan saya ke nan?

Anti Mai Kwarashi: In masu giram 100 ne, ɗauki biyar na bargo, ɗaya na hula, sai ɗaya na ɓatawa wajen koyo. Yau ki yi sarƙa 30, ki warware, ki sake, har idanun su daidaita. Gobe bayan la'asar ki turo mini hoto in ga yadda kike riƙe zaren.